Dalilin Da Ya Sa Kamfanonin Manhaja Suka Hana Marubutansu Dogon Turanci

A cikin saitunan wayar Android, ƙarƙashin bayanin kowace manhaja, akwai maɓallai biyu da ke maƙwabtaka da juna. Ɗaya an rubuta masa "Clear cache", ɗayan kuma "Clear storage" ko "Clear data", ya danganta da kamfanin da ya ƙera wayar. Na farko tarkacen wucin gadi kawai yake sharewa, ba ya taɓa komai mai muhimmanci. Na biyu kuwa yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta: ya fitar da mutum daga asusunsa, ya goge saitunansa. Idan WhatsApp ce kuma babu kwafin ajiya, hirarrakin shekara da shekaru na iya tafiya ke nan.

Kalma ɗaya ce ta raba maɓallan nan biyu. Wannan ya sa manyan kamfanonin fasaha ba sa barin kowane ma'aikaci ya rubuta Turancin da ya ga dama a kan allo ko a shafukan taimako. Kowannensu na da kundin ƙa'idojin rubutu, wanda ke fayyace kalmar da za a yi amfani da ita, da wadda za a guje wa, da yadda za a jera jimla.

Kundayen da ke bayan allo

Microsoft ya fitar da nasa kundin a matsayin littafi tun 1995, aka yi ta sabunta shi har bugu na huɗu a 2012. A 2018 kamfanin ya mayar da shi intanet da sunan Microsoft Writing Style Guide, kowa na iya karantawa kyauta. Google ya buɗe wa jama'a nasa kundin na rubuta bayanai ga masu haɗa manhaja a 2017. Apple ma na da nasa, Apple Style Guide. Suna da saɓani a wasu ƙananan wurare, amma manufarsu ɗaya ce: mai karatu ya gane abin da ake nufi a karo na farko, ya aikata daidai, ya ci gaba da harkarsa.

Akwai wani tsohon labari da ke nuna yadda aka koyi wannan darasi. Lokacin da Apple ke gwajin kwamfutarsa mai suna Lisa, wadda ta fito a 1983, maɓallin amincewa an rubuta masa "Do It" ne, wato aikata. Sai aka lura wasu masu gwaji na kauce masa suna danna "Cancel". Da aka tambayi ɗaya daga cikinsu, sai ya nuna ɓacin ransa cewa kwamfuta na zaginsa. Ashe tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu ta yi ƙanƙanta, babban harafin I kuma ya yi kama da ƙaramin l, shi ya sa yake karanta "Dolt", wato dolo. Andy Hertzfeld, ɗaya daga cikin injiniyoyin farko na Macintosh, shi ya ba da labarin. Daga nan aka sauya maɓallin zuwa "OK", wanda yau ke kan kusan kowace waya.

Yadda ake gina jimlar umarni

Ƙa'ida ta farko ita ce a yi magana da mai karatu kai tsaye. Ana cewa "you", ba "the user" ba, kuma umarni kan fara da aikatau: "Tap Settings", "Enter your password". Ana guje wa jimlar da ke ɓoye mai aikin. Idan aka rubuta cewa za a goge fayil ba tare da faɗin wa zai goge ba, mai karatu ba zai san ko shi ake jira ko wayar ce za ta yi da kanta ba.

Ƙa'ida ta biyu, sharaɗi ya zo kafin umarni. A ce "To erase all data, tap Reset", maimakon a fara da "Tap Reset" sannan a kawo bayanin a ƙarshe. Dalili kuwa shi ne mutane da yawa na karatu ne yatsansu na kan allo. Idan umarnin ya riga gargaɗin, kafin ido ya kai ƙarshen jimla aikin gama ya gama.

Sauran ƙa'idojin duk wannan hanyar suka bi. Matakan da ake bi ɗaya bayan ɗaya a sa musu lamba, kowane mataki da aikinsa. Sunan maɓalli a rubuta shi da kauri, daidai yadda yake a kan allo. Rubutun da ake dannawa ya faɗi inda zai kai mutum, ba "click here" kawai ba, domin makafi da ke amfani da manhajar karanta allo kan saurari jerin mahaɗan ne su kaɗai. Kundin Google ya kuma ja kunnen marubuta kan kalmomi irin su "simply" da "easy". Abin da ya zo wa injiniya da sauƙi na iya cin sabon shiga awa guda, kuma kalmar ba ta ƙara masa komai sai jin kunya.

Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya

A makaranta ana koya wa ɗalibi kada ya yi ta maimaita kalma ɗaya a cikin insha'i, ya nemo 'yan uwanta don ƙawata rubutu. A nan akasin haka ake so. Idan an kira abu "account" a mataki na ɗaya, kada ya koma "profile" a mataki na uku, don mai karatu zai zaci abubuwa biyu ne.

Haka ma "delete" da "remove" ba ɗaya ba ne. Na farko gogewa ne baki ɗaya, na biyu cirewa daga wani wuri alhali abin na nan. Masu iPhone na ganin wannan tun fitowar iOS 14 a 2020: "Remove from Home Screen" na ɗauke manhajar daga fuskar waya ne kawai, "Delete App" kuwa na fitar da ita daga wayar. Ko kalmar dannawa ma an tantance ta. Apple na amfani da "tap" ga allon taɓawa, "click" ga linzamin kwamfuta. Microsoft ya fi son "select", domin ta dace da mai yatsa, da mai linzami, da mai ba da umarni da murya.

A takardun da ke tsara yadda intanet ke aiki, abin ya fi haka tsanani. A watan Maris na 1997, Scott Bradner na Jami'ar Harvard ya rubuta wata gajeriyar takarda mai lamba RFC 2119, wadda ta kafe ma'anar wasu kalmomi. MUST na nufin tilas. SHOULD na nufin an fi so a yi, sai dai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin bari. MAY kuma ganin dama ne. Injiniyan da ya ɗauki tilas a matsayin ganin dama zai haɗa manhajar da ba za ta yi magana da sauran ba. A 2017 aka ƙara bayani a RFC 8174 cewa wannan ma'ana ta musamman na aiki ne kawai idan an rubuta kalmomin da manyan baƙaƙe.

An yi su ne don wanda Turanci ba harshensa ba ne

Da yawa daga cikin masu karanta waɗannan bayanai ba da Turanci suka tashi ba, kuma kamfanonin sun san da haka. Shi ya sa kundayen ke hana karin magana, da barkwanci, da misalan da sai Ba'amurke ke ganewa. Suna kuma son a rubuta sunan wata a fili. Kwanan wata irin 03/04/2025 na nufin 4 ga Maris a Amurka, amma 3 ga Afrilu a Ingila da Najeriya.

Masana'antar jiragen sama ta Turai ta riga kamfanonin manhaja a wannan fage. A 1986 ta fitar da sauƙaƙƙen Turanci don littattafan gyaran jirgi, wanda yau ake kira ASD-STE100. Kalmomin da aka amince da su wajen 900 ne, ban da sunayen kayan aiki, kuma jimlar umarni ba ta wuce kalma 20. Kalmar "close" ma'anarta rufewa kawai. Mai son cewa kusa sai ya ce "near". Makanikin da ya fahimci umarni a baibai na iya jawo asarar rayuka.

Akwai kuma batun fassara. Google Translate ya fara Hausa a ƙarshen 2013, kuma duk wanda ya gwada ya san gajeriyar jimla mai ma'ana ɗaya ta fi fitowa daidai, yayin da mai karin magana kan koma shirme.

Ƙa'idojin kan sauya da zamani. A 2020 masu kula da Linux suka amince a daina sabon amfani da "blacklist" da "whitelist", a koma ga kalmomi irin su "denylist" da "allowlist". A watan Oktoban shekarar, GitHub ya mayar da sunan babban reshen sababbin ma'ajiyoyi daga "master" zuwa "main".

Amfaninsu ga matashi mai waya

Ga mai amfani da waya, sanin cewa ba a zaɓi kalmomin nan da ka ba kariya ce. Kafin danna duk maɓallin da ke ɗauke da "delete", "erase", "reset" ko "format", ya kamata a karanta jimlar da ke samansa har ƙarshe.

Ga mai koyon haɗa manhaja kuwa, fayil ɗin README da ke gaban aikinsa a GitHub shi ne abin da mai neman ma'aikaci zai fara gani. Turancin burga ba ya taimako a nan. Abin da ake dubawa shi ne ko baƙo zai iya bin matakan ya kunna manhajar ba tare da ya nemi mai ita ba. Kundayen Google da Microsoft kyauta ne kuma suna buɗuwa a waya, sannan akwai manhajar Vale da ke duba rubutu ta nuna inda ya saɓa musu. Gwaji mafi sauƙi dai shi ne a miƙa wa aboki umarnin, a yi shiru, a ga inda zai tsaya. Jimlar da ta tsayar da shi ita ce ke buƙatar gyara.