Bayan Rage Ci, Komawa Akushi Sai A Hankali

A ofisoshin Gwamnati na Kaduna ba a rasa ma'aikacin da likita ya sa shi rage ci saboda teɓa ko hawan jini. Wani yakan yi wata shida a kan rabin malmala. Ran da sikeli ya faranta masa rai kuwa, sai ya biya wurin mai tsire a Kawo, a gida kuma a cika masa akushi.

To, a nan kuskuren yake. Jikin da ya daɗe cikin ƙaranci yakan koyi tsimi, ya rage abin da yake ƙonawa. An ga haka a Jami'ar Minnesota ta Amurka a 1945, inda aka rage wa samari 36 abinci har mako 24. Da aka sakar musu mara, wasu suka yi ta ci har ciki ya ɓaci, kitsensu kuma ya zarce na da.

Mai azumi ya san dabarar, shi ya sa yake fara buɗe baki da kunu. A riƙa ƙara loma kaɗan kowane mako, wake da nono kafin soye-soye. Amma wanda ya rame ƙwarai sai ya nufi asibiti kamar Barau Dikko, domin ci da yawa farat ɗaya yana iya taɓa masa zuciya.