Lambar tarho: kowa da yadda yake faɗin tasa

A ƙasar Nijar, idan ka tambayi mutum lambar wayarsa, da wuya ya faɗa maka ita da hausa, ko da kuwa bai taɓa zama a aji ba. Ɗan kabu-kabu a Maraɗi ko mahauci a kasuwar Dole ta Damagaram, kowane zai zano maka ita da faransanci, bibbiyu-bibbiyu, har sau huɗu. Amma da ka tsallaka iyaka ta Ɗan Isa ka shiga Jibiya, sai salon ya sake: can ɗai-ɗai ake faɗi, da ingilishi ko da hausa, kuma lambobin goma sha ɗaya ne. Mutane ne masu harshe guda, wasu ma ƴan uwan juna ne na jini, amma idan aka zo ba da lambar tarho sai ka ga an tsaya ana maimaitawa kamar baƙi.

Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. To amma a yau lambar waya ta zama adireshin mutum. Da ita ake aiko masa da kuɗi, ita ake karantawa a rediyo idan yaro ya ɓace ko an tsinci takardu, ita ɗan ci-rani yake riƙe a ka domin ya sanar da gida yana raye. Lamba ɗaya ta sauya wuri, saƙo ya tafi hannun wani. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba yadda muke karkasa waɗannan lambobi, da kuma inda kuskure yake shigowa.

Daga shidda zuwa takwas

Waɗanda suka san zamanin tarhon girke na Sonitel za su tuna lambobi shidda ne kawai. A Yamai ana rubuta su bibbiyu, suna farawa da 72, 73, 74 ko 75. A jihohi kuwa mutane da yawa sun fi raba su ukku-ukku, domin ukkun farko su ne alamar gari: 410 Maraɗi, 510 Damagaram, 610 Tawa, 440 Agadas. Da ka ji farkon lamba ka san inda za a ɗauka.

Zuwan salula ya canza lissafin. Celtel ta fara aiki a 2001, ga SahelCom da Telecel, masu waya suka yi ta ƙaruwa har lambobi shidda suka kasa. A 2006 aka maida kowace lamba takwas. Tarhon girke aka sa masa 20 a gaba, Celtel 96, SahelCom 93, Telecel 94, sannan Orange ta iso a 2008 da 90. Tun daga nan sunayen kamfanoni sun yi ta sauyawa: Celtel ta zama Zain a 2008, ta zama Airtel a 2010, Telecel ta zama Moov, Sonitel da SahelCom suka haɗe a 2016 suka zama Niger Telecom, Orange kuma ta koma Zamani Telecom bayan an sayar da ita a 2019. Amma rabon bibbiyu bai motsa ba. Sai dai har yanzu a allon wasu ma'aikatu na Maraɗi kana iya ganin an rubuta 20, sannan 410, sannan sauran ukku, wato tsohon salo ne aka ɗora wa sabon kai.

Wannan rabo na bibbiyu gado ne daga Faransa, inda tun 1996 lambobinsu goma ne, ana karanta su kashi biyar. Kuma yana da amfaninsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, George Miller, ya rubuta a 1956 cewa abin da mutum yake iya riƙewa a ka a ji guda bai cika wuce abu bakwai ba, a ƙara biyu ko a rage biyu. Lambobi takwas a warwatse suna bakin iyakar nan. Idan aka ɗaure su bibbiyu, sun koma abu huɗu ke nan, kamar mai ɗaure itace dami-dami domin ya ji daɗin ɗauka.

Tarkon da ke cikin faransanci

Matsalar ita ce, ƙirgan faransanci yana da sarƙaƙiya daga 70 zuwa 99, kuma a daidai nan ne lambobin salularmu suke farawa. Bafaranshe ba ya da kalma guda ta 80, sai ya ce quatre-vingts, wato ashirin sau huɗu. 96 kuwa quatre-vingt-seize ce: huɗu, ashirin, sha shidda. 97 ta fi ta tsawo, quatre-vingt-dix-sept: huɗu, ashirin, goma, bakwai. Wanda bai saba ba, idan yana rubuta abin da kunnensa ya ji, sai ya sa 4 20 10 7, lambobi shidda a gurbin biyu.

Ko wanda ya saba ma bai tsira ba. Idan mai magana ya ce quatre-vingt-seize a numfashi guda, 96 ce. Idan ya ɗan dakata a tsakiya, ta zama 80 da 16. Gashi kuma 96 farkon lamba ce a Nijar, 80 ma haka. Haka 75 take rikiɗa ta zama 60 da 15, 72 ta zama 60 da 12. Bambancin duka yana cikin ɗan shirun da ke tsakanin kalmomi, kuma wannan shirun shi ne abin da hayaniyar tasha ko raunin rezo suke fara cinyewa. Mutanen Beljiyam da na Suwis sun huta da rabin wannan wahala, domin su septante suke ce wa 70, nonante kuma 90, amma mu ba ta hannunsu muka koyi harshen ba.

Hausa ma tana da nata

Mai karatu zai iya cewa to mu koma ga hausa mana. Gaskiya ne tasa'in da shidda ba ta da ruɗanin quatre-vingt-seize. Amma ita ma hausar da nata wuraren tuntuɓe. A waya mai ƙara, biyu da biyar suna kama da juna, haka bakwai da takwas. Sannan ga maganar zero: wanda lambarsa take da 20 sai 02, idan ya ce "ashirin, biyu" bai ambaci sifilin ba, mai rubutu zai sa 22, ya tarar lambar ta gaza.

Akwai kuma al'adar kasuwa. A wajenmu ƙirgan kuɗi da hausa da dala ake yin sa: ashirin tana nufin sefa 100, ɗari tana nufin sefa 500, jaka kuwa sefa 1000. Kunnen ɗan kasuwa ya saba idan ya ji adadi da hausa ya ninka shi sau biyar, idan ya ji shi da faransanci ya ɗauke shi yadda yake. A ganinmu wannan yana cikin dalilan da suka sa har wanda bai yi lakkwal ba ya fi sakewa da faɗin lambarsa da faransanci, ya haddace ta kamar waƙa, ko da ba zai iya warware maka ita ɗai-ɗai ba.

Idan za a tsallaka iyaka

Kowace ƙasa tana da lambar shiga, wadda hukumar sadarwa ta duniya da ke Janeba take rabawa, kuma na Afirka da 2 suke farawa. Tamu 227 ce, har matasa sun maida ita kamar laƙabin ƙasa a shafukan sada zumunta. Maƙwabta suna jere kusa da mu: Mali 223, Kodebuwa 225, Burkina Faso 226, Togo 228, Benin 229, Gana 233, Najeriya 234, Cadi 235, Kamaru 237. Ta arewa akwai Aljeriya 213 da Libiya 218. Alhazai kuma sun san 966 ta Saudiyya. Kafin kowace sai an danna 00 ko alamar tarawa. Mu mukan faɗi tamu a dunƙule, deux cent vingt-sept, su kuwa mutanen Najeriya tasu ɗai-ɗai suke faɗinta: biyu, ukku, huɗu.

Lambar salular Najeriya goma sha ɗaya ce, an fi raba ta huɗu, ukku, huɗu, kuma tana farawa da sifili, kamar 0803 ko 0805. Masu faɗi da ingilishi sukan kira sifilin "o", idan lamba ta maimaitu kuma su ce "dobul". Wanda ya saba da bibbiyu, idan ya ce zai raba goma sha ɗaya haka, dole guda ta yi saura, daga nan sai ya fara zargin an rage masa ko an ƙara. Abin da ya fi kama mutane shi ne wannan sifili na farko: na cikin gida ne kawai. Idan daga Nijar kake kira, bayan 234 sai ka jefar da shi ka fara da ta biyu. Haka dokar take ga Gana, Aljeriya da Saudiyya.

Sai dai ba ko'ina ake jefar da shi ba. Kodebuwa ta koma lambobi goma a ranar 31 ga Janairu 2021, Benin kuma ta bi sahu a ranar 30 ga Nuwamba 2024, inda aka ƙara 01 a gaban kowace lamba. A waɗannan ƙasashe biyu sifilin yana cikin jikin lambar, sai an danna shi ko daga waje ake kira. Wanda yake da tsohuwar lambar abokin ciniki a Kwatano ko ɗan uwa a Abijan mai takwas, to ya gyara ta, domin ba za ta shiga ba.

Abin da ya rage gare mu

Ba mu ce a bar faransanci ba, ba mu kuma ce a ɗauki salon Najeriya ba. Abin da muke cewa shi ne mai ba da lamba ya dubi wanda yake gabansa, ya faɗe ta yadda shi zai gane. Idan maganar kuɗi ce, a faɗe ta bibbiyu, a sake faɗinta ɗai-ɗai da hausa, sannan mai rubutu ya karanto abin da ya rubuta. Babu raini a cikin cewa "Alhaji, don Allah a maimaita mini" ko "Hajiya, ga abin da na sa, ki saurara". In da hali a ƙira lambar nan take a ga ta shiga, ko a ƙirga a tabbata takwas ne cif.

Muna kira ga gidajen rediyo masu karanta sanarwa da hausa da su riƙa karanta lambar ita ma da hausa, ɗai-ɗai, sau biyu, domin tsohuwar da ke saurare a ƙauye ba ta da wanda zai fassara mata quatre-vingt-dix-huit. Iyaye kuma su koya wa yara lambar gida guda a ka, tare da 17 ta ƴan sanda da 18 ta masu kashe gobara. Masu tafiya bida su ma su haddace lambar wani nasu haɗe da 227 a gabanta. Da yawa daga cikin ƴan ci-ranin da ake korowa daga Aljeriya suna isowa Asamaka babu waya a hannu, kuma wanda ya bar wa waya riƙon lambobinsa duka, ranar da ta salwanta ba ya da ta kowa.

Hausawa sun ce tambaya rabin ilimi. Kafin mu danna kira ko mu miƙa kuɗi, mu sake tambaya. Allah ya sa mu dace.