Salula da karatun manya: abin da ya kamata a sani a Magariya da Dungas

A kasuwannin Magariya, Bande, Wacha ko Dungas, da wuya ka ga ɗan kasuwa ba salula a aljihu. Amma nawa ne ke iya karanta saƙon da ke shigowa cikinta? Wata mai sayar da ƙuli-ƙuli ta taɓa kirana a cikin shirin da nake gabatarwa a rediyo, ta ce idan aka aiko mata kuɗi ta waya sai ta nemo ɗan maƙwabta ya karanta mata. Kafin magariba unguwa duka ta san abin da ta samu, masu neman bashi kuma sun fara sallama.

A shekarun 2009 da 2010, ƙungiyar CRS tare da masu bincike na jami'ar Tufts ta Amurka sun yi wani gwaji a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Damagaram da Doso, mai suna ABC. An buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci, maza 25 mata 25 a kowane ƙauye, ana karatu cikin harshen gida, ba cikin Faransanci ba. Wajen rabin ƙauyukan an ƙara masu da darasin salula: yadda ake kunna ta, gane lambobi da baƙaƙe, kira, da rubuta saƙo. Waya guda ce ake ba mutum biyar su yi tarayya. Da aka yi jarrabawa, ƴan ƙauyukan salula sun fi sauran maki a rubutu da lissafi.

Dalilin a fili yake. Matsalar karatun manya tun da can ita ce mantuwa. Ana yin aji da rani, damina ta faɗi kowa ya koma gona, babu jarida babu littafi a ƙauye, kafin kaka baƙaƙen sun gudu. Salula kuwa tana hannu kullum, kuma a wancan lokaci saƙo ya fi kira arha, don haka mutum yana da dalilin rubutawa: tambayar kuɗin tiyar gero, ko gaida ɗa da ya tafi ci-rani Kano. Dama mai binciken, Jenny Aker, ta riga ta nuna cewa zuwan salula tsakanin 2001 da 2006 ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Sai dai akwai inda na'ura ba ta san mu ba. Mu a kasuwa da dala muke ƙirge. Waya ta nuna 500, mai tumatir ta ce dala ɗari. Ta nuna 1000, mu ce jikka. Ga Naira kuma da ke yawo a kasuwannin bakin iyaka, har zuwa Maigatari. Duk malamin da zai koya wa mace lissafi bai fara daga nan ba, ɓata mata lokaci yake. Haka nan ƙananan wayoyi ba su da baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, sai ka rasa ko "ƙasa" aka rubuta ko "kasa". Manyan wayoyin yau suna da su, amma sai an nuna wa mutum inda suke. Ni kaina na jima ban sani ba.

Ba yau Nijar ta fara haɗa karatu da na'ura ba. A 1964 aka soma koyar da yara ta talabijin, amma da Faransanci zalla, daga baya aka daina. A nan Damagaram ne kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, sannan a 2025 kundin da hukumomi suka fitar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Takardu dai sun cika, littattafai da malaman da aka horar ne ba su wadata ba.

Yanzu wani abu ya shigo: saƙon murya na WhatsApp. Ya sauƙaƙa ciniki ƙwarai, amma ina tsoron ya sa mutane su ce karatu ba dole ba ne. To, murya ba ta karanta maka rasit, ba ta duba ranar lalacewar magani, ba ta riƙe maka littafin bashi ko na adashi.

Saboda haka idan an buɗe ajin manya a unguwarku, Hajiya, ki je da wayarki, ki ce wa malamin ya fara da sunayen abokan cinikinki da saƙon kuɗin da ke shigo maki. A kuma tsaida lokacin aji da shawarar mata, kada ya faɗo ranar kasuwa.