Taurarin da Suke Ɗaure da Faifan Iska a Ƙugunsu

Ko kuna Kumasi, ko Garwa, ko Omdurman, ko Jidda, in dare ya yi a lokacin sanyi kuka ɗaga kai, za ku ga tarin taurarin nan da muke kira Kaza da 'Ya'yanta, Larabawa kuwa su ce Surayya. To, a gefen gabas na tarin akwai wata 'yar tauraruwa wadda masana suke kira Pleione. Ita da irinta ne zancenmu na yau.

Asalin labarin daga birnin Rum yake. A shekarar 1866 wani limamin Kirista mai nazarin taurari, Angelo Secchi, ya ɗaura gilashi mai kusurwa uku a bakin madubinsa na hangen nesa. Aikin wannan gilashi shi ne ya tsaga haske ya baje shi launi-launi kamar bakan gizo. Galibin taurari, in an baje haskensu haka, sai a ga baƙaƙen layuka sun gitta bakan, domin iskar da ke fuskar tauraruwar ta shanye waɗansu launuka. Amma da Secchi ya dubi Gamma Kasiyofiya, sai ya tarar a wurin da baƙin layin haidirojin ya kamata ya kasance, layi ne mai ƙyalli. Watau akwai iska mai zafi a wajen tauraruwar, wadda take ba da haske na kanta.

Shekara 65 aka yi kafin a sami bayani mai gamsarwa. A 1931 Otto Struve, a Amurka, ya lura cewa irin waɗannan taurari, waɗanda ake yi wa laƙabi da Be, masu tsananin juyi ne. Ranarmu tana juyawa wajen kilomita 2 a sakan ɗaya a ƙugunta, su kuwa sukan yi kilomita 300 ko fiye. Kun dai san yadda ƙafar keke take watsa laka in ta ɗauki gudu. Struve ya ce haka tauraruwar take zubar da iska daga ƙugunta, iskar ta taru ta zama faifai mai kewaye ta.

Yanzu fa sai ku ce, abin da yake nesa har ya zama ɗigo ɗaya a madubi, ƙaƙa za a san siffarsa? Ku tuna da kukan jirgin ƙasa: in yana tahowa muryarsa siririya ce, in ya wuce sai ta yi kauri. Haske ma haka yake. Gefen faifan da yake nufo mu, haskensa yakan ɗan gusa wajen shuɗi, gefen da yake guje mana kuwa ya gusa wajen ja. Saboda haka layin haidirojin sai ya fito da tozo biyu. In muna kallon tauraruwar daga bisa kanta ne, babu gefen da yake zuwa ko tafiya, tozo ɗaya za a gani. In kuwa faifan ya ba mu baki sosai, har ya shiga tsakaninmu da ita, sai siraran baƙaƙen layuka su bayyana a tsakiya, domin ya tare haskenta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne tazarar tozon nan biyu. Iskar da ke nesa da tauraruwar a hankali take tafiya, kamar yadda duniyoyin da ke nesa da rana suke yi. Don haka in faifan yana faɗi, sai a ga tozon suna matsowa kusa da juna. Wani lokaci kuma ɗaya ya fi ɗaya tsawo, bayan 'yan shekaru su yi musanya, alamar cewa iska ta yi cunkoso a gefe guda, cunkoson yana zaga faifan sannu a hankali.

Faifan kuma ba dawwamamme ba ne. Layukan Pleione masu ƙyalli sun ɓace a wajen 1905, suka dawo a 1938 tare da siraran baƙaƙen layukan nan, waɗanda suka daɗe har 1954, sa'an nan suka sake fitowa a farkon shekarun 1970.

A 2002 masana suka haɗa hasken madubai biyu a ƙasar Chile, suka auna Akirnar, wadda sunanta daga Larabci yake, watau ƙarshen kogi. Suka iske ƙugunta ya kumbura ƙwarai saboda juyi, kamar yadda zancen Struve ya nuna. Sai dai juyin kaɗai bai cika isa ya cira iska daga jikin tauraruwa ba, da sauran ɗan taimako. A 1998 aka nuna cewa wata tauraruwa, Miyu Sentauri, fuskarta tana kaɗawa iri-iri, kuma a ranakun da kaɗawar ta haɗu wuri ɗaya, a nan ne take feso sabuwar iska cikin faifanta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.