Cinikin Biri A Sama: Tikitin Wasan Baɗi, Kuɗin Bana

Ranar 27 ga Agustan 2024 ne wa da ƙanen nan na birnin Manchesta, Noel da Liam Gallagher, suka sanar da cewa sun sasanta bayan shekara 15 suna gaba, kuma ƙungiyarsu ta mawaƙa, Oasis, za ta sake hawa dandamali. Kwana huɗu bayan sanarwar, wato Asabar 31 ga wata, aka buɗe sayar da tikiti. Wasan farko kuwa sai ranar 4 ga Yulin 2025 a birnin Kadif. Ke nan mutum ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya lakadan, sa'an nan ya koma gida ya zauna jiran wata goma, yana fatan 'yan'uwan da suka shekara 15 ba sa ga maciji da juna ba za su sake ɓatawa ba kafin ranar.

A wurinmu wannan abu ne mai ban mamaki. Mun saba idan za a yi wasan Sallah, a ji sanarwa a rediyo mako ɗaya ko biyu kafin lokacin, ranar wasa kuma a je bakin ƙofa a yanki tikiti a shiga. Idan mawaƙi bai zo ba, a yi hayaniya a bakin ƙofar nan a karɓi abin da ya samu. Amma a Turai da Amurka rangadin manyan mawaƙa ya zama wata babbar kasuwa mai nata tsari, kuma tazarar da ke tsakanin ranar biya da ranar kallo ita ce abin da nake so mu duba, domin a cikinta ne ake gane wanda ke ɗauke da kasada da wanda ke kwance a inuwa.

Babu wata doka da ta ƙayyade tazarar. Ƙaramin mawaƙi da zai yi wasa a zauren da bai wuce mutum dubu ɗaya ba yakan saki tikiti wata biyu ko uku kafin ranar. Wanda ke cika manyan zaure yakan ba da wata huɗu zuwa takwas. Idan aka zo kan masu cika filayen ƙwallo, nan ne ake kai wa shekara har a zarce. Taylor Swift ta sanar da rangadinta na Eras ranar 1 ga Nuwamban 2022, aka fara sayar da tikiti ranar 15 ga watan, aka buɗe wasa ranar 17 ga Maris ɗin 2023 a jihar Arizona. Wata huɗu ke nan, babu laifi. Amma wasanninta na Toronto a ƙasar Kanada, a watan Agustan 2023 aka sayar da tikitinsu, ba a yi su ba sai Nuwamban 2024. Wata 15. Yarinyar da ta saya tana ajin ƙarshe a sakandare, ta je kallo tana jami'a. Ita kuwa Beyoncé ba ta cika jan lokaci ba: ranar 1 ga Fabrairun 2023 ta sanar da rangadin Renaissance, ranar 10 ga Mayu ta buɗe shi a Stokholm. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa doguwar tazarar zaɓi ce, ba tilas ba.

Ranar sayarwar ma ba ɗaya ba ce. Ana sanarwa yau, a ba mutane 'yan kwanaki su yi rajista, sai a buɗe wa 'yan ƙungiyar masoya, a buɗe wa masu katin wani banki da ya ɗauki nauyin rangadin, a buɗe wa abokan cinikin wani kamfanin waya, sa'an nan a ƙarshen mako, galibi ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, a ce an buɗe wa kowa. Kafin talaka maras kati maras rajista ya iso, an riga an tsince tsokar, saura ƙashi. A rangadin Taylor Swift ma ƙashin bai rage ba. Kamfanin Ticketmaster ya ce mutum miliyan uku da rabi suka yi rajista, kuma a rana guda ya sayar da tikiti fiye da miliyan biyu, shafinsa na intanet yana tsayawa yana tafiya saboda cunkoso. Daga nan sai ya soke sayarwar gama-gari da aka sa ranar 18 ga Nuwamba baki ɗaya. Hayaniyar da ta biyo baya ta kai ga kwamitin shari'a na Majalisar Dattawan Amurka ya zauna kan batun ranar 24 ga Janairun 2023.

To, me ya sa ake gaggawar karɓar kuɗi haka? Masu harkar suna da hujjoji, kuma adalci shi ne a saurare su. Filin wasa irin Wembley ba na mawaƙa ba ne su kaɗai. Akwai ƙwallon ƙafa, akwai dambe, akwai wasu mawaƙan da ke layi, don haka sai an kama rana tun da nisa. Dandamalin da ake kafawa, da fitilu, da manyan allunan nuna hoto, da jerin tireloli masu jigilar kaya daga gari zuwa gari, da ɗaruruwan ma'aikata, duk sai an ba da kafin alƙalami. Mai shirya wasa kuma yakan ɗaukar wa mawaƙi alƙawarin wani adadin kuɗi, ko an cika fili ko ba a cika ba, don haka yana so ya san matsayinsa da wuri. Idan tikiti ya ƙare cikin sa'a guda, sai a ƙara kwanaki. Haka aka yi wa Michael Jackson a 2009: wasa goma aka sanar a zauren O2 na Landan, da aka ga yadda jama'a suka yi ca, aka mayar da su hamsin. Idan kuma kasuwa ta ƙi, akwai sararin ja da baya, kamar yadda ƙungiyar Black Keys da mawaƙiya Jennifer Lopez suka soke rangadinsu na Amurka a watan Mayun 2024.

Akwai hujjar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba, ita ce rige-rigen zuwa aljihun mai kallo. Matashin da albashinsa zai iya ɗaukar manyan wasanni biyu kacal a shekara, wanda ya fara miƙo masa hannu shi ke karɓa. Saboda haka kowa na so ya riga ɗan'uwansa, tazara kuma sai daɗa tsawo take yi. Sa'an nan kuɗin da aka tara ba barci suke yi ba. Kamfanin Live Nation, wanda ya haɗe da Ticketmaster a 2010, yana nuna wa masu hannun jari a rahotonsa cewa yana riƙe da biliyoyin daloli na tikitin wasannin da ba a riga an yi ba, kuma a matsayin abin alfahari yake nuna su. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa juya kuɗin wani na wata shida ya san daɗin abin. Mai kallo ya ba da rance, ba ruwa, ba jingina, ba shaida sai wata 'yar alama a wayarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kasadar ke sauka idan abu ya lalace, kuma yana lalacewa. Michael Jackson ya rasu ranar 25 ga Yunin 2009, saura ƙasa da mako uku a fara wasannin da aka sayar wa tikiti kusan 750,000. Kamfanin AEG ya ba mutane zaɓi: ko su karɓi kuɗinsu, ko a aiko musu da takardar tikitin su ajiye don tunawa. Dubi dabara, har mutuwa an samo mata kasuwa. Adele ta ɗage wasanninta na Las Vegas a Janairun 2022 ana gobe za a fara, bayan wasu sun riga sun sauka a garin daga ƙasashe masu nisa. Celine Dion ta yi ta ɗage rangadinta, da farko saboda annobar korona, daga baya saboda rashin lafiya, har ta soke shi a Mayun 2023, alhali akwai masu riƙe da tikiti tun 2019. A birnin Biyana na ƙasar Ostiriya an soke wasannin Taylor Swift uku a Agustan 2024, kwana ɗaya kafin na farko, bayan jami'an tsaro sun bankaɗo shirin kai hari. Babu mai zargin kowa kan wannan shawara, rai ya fi kallo. An mayar da kuɗin tikiti. Kuɗin jirgi da na masauki kuwa, sai wanda kamfani ya tausaya wa.

A lura da bambancin kalmomi biyu, sokewa da ɗagewa, domin a tsakaninsu ake yi wa mutane wayo. Idan an soke wasa, kuɗi na dawowa. Idan an ce an ɗage, kuɗin na nan a hannunsu har sai an sa sabuwar rana. A farkon annobar korona, cikin Afrilun 2020, an ga yadda Ticketmaster ya gyara lafazin ƙa'idarsa ta mayar da kuɗi ta yadda wasan da aka ɗage bai shiga ciki kai tsaye ba, a daidai lokacin da miliyoyin mutane suka rasa ayyukansu suna neman na cefane. Sai da 'yan majalisa da jama'a suka yi caa kafin aka buɗe wa'adin kwana 30 na neman kuɗi.

Doguwar tazara kuma gona ce ga 'yan bumburutu. Yadda muke ganinsu da jarkoki a bakin titi idan fetur ya yi wuya, haka suke a can, sai dai su da kwamfuta suke aiki. Suna sakin manhajoji masu kwashe tikiti cikin daƙiƙoƙi, su zauna a kai wata da watanni suna kallon farashi na hawa. Amurka ta haramta irin waɗannan manhajoji tun 2016, amma ba a daina ba. Su ma kamfanonin sai suka ce, tun da akwai mai iya biyan ninki, me zai sa ribar ta tafi ga ɗan bumburutu? Shi ne ranar sayar da tikitin Oasis mutane suka shafe sa'o'i a layin intanet da niyyar biyan kusan Fam 150, da layi ya iso kansu sai suka tarar da Fam 355, aka ba su 'yan mintoci su yanke shawara. Hukumar kula da gasa a kasuwanni ta Birtaniya ta buɗe bincike cikin mako guda. A Amurka kuma Ma'aikatar Shari'a ta shigar da ƙarar Live Nation a watan Mayun 2024 kan zargin babakere.

Kada mai karatu ya ce wannan rigimar Turawa ce, ina ruwanmu. Mawaƙan Nijeriya sun riga sun shiga wannan kasuwa da ƙafar dama. Wizkid ya cika zauren O2 kwana uku a 2021, Burna Boy ya cika Madison Square Garden na Niyok a 2022, ya kuma cika filin wasa na London Stadium a Yunin 2023. Akwai 'yan ƙasar nan da ke tashi takanas daga Legas, Abuja ko Kano don irin waɗannan wasanni, kuma su tazarar ta fi cuta. Birtaniya ba ta karɓar takardar neman bizar ziyara sai saura wata uku a yi tafiya. Wato mutum zai sayi tikiti shekara guda kafin ya sami damar ko da tambayar izinin shiga ƙasar, idan kuma aka hana shi, mai tikiti bai san wannan zance ba. Ga kuma Naira. Wanda ya biya a Yulin 2023, lokacin da Dala ke ƙasa da Naira 800, ya ci ribar tikitin, amma da ya zo sayen kujerar jirgi da kama ɗaki a tsakiyar 2024 ya tarar da ita ta kai wajen Naira 1,500.

Ni ban ga laifin sayarwa da wuri ba idan an raba nauyin. Bikin waƙoƙi na Glastonbury a Ingila yana sayar da tikitinsa tun kaka, wata bakwai ko takwas kafin bikin na watan Yuni, ba tare da ya bayyana cikakken jerin mawaƙan ba. Amma kafin alƙalami kawai ake karɓa, Fam 75 a bikin 2024 da na 2025, a cika sauran a watan Afrilu. Wanda ya fasa kafin wa'adi a mayar masa da kuɗinsa bayan an cire wani ɗan kaso, a sake sayar da tikitin ga wani. Kowane tikiti kuma yana ɗauke da hoton mai shi, don haka ɗan bumburutu ba shi da abin riƙewa. Duk da haka tikitin na ƙarewa cikin ƙasa da sa'a guda. Idan masu shirya biki a gonar shanu za su iya haka, kamfanin da ke juya biliyoyi ba shi da uzuri.

A nan gida sayar da tikiti ta intanet ya fara kama ƙasa, musamman a wasannin ƙarshen shekara na Legas, kuma masu shirya taruka a Arewa sun soma kwaikwayo. Tun kafin al'adar ta yi jijiya ya kamata hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta gindaya sharuɗɗa. Kuɗin tikitin da aka sayar fiye da wata guda kafin wasa su zauna a asusun amana, mai shirya wasa ba zai taɓa su ba sai kason da ya kawo shaidar kashewa. Idan aka sauya rana, ko wuri, ko babban mawaƙin da aka buga sunansa a fosta, mai tikiti ya sami ikon karɓar kuɗinsa cikin mako biyu, har da ladan da kamfanin tikiti ya ɗora a kai, ba tare da an ce ya je ya dawo ba.