Holasovice, ƙauyen ƙasar Cek da ya tashi bayan ya rasa mutanensa sau biyu

A kudancin Jamhuriyar Cek, kimanin kilomita 15 yamma da birnin Ceske Budejovice, akwai wani ƙauye da mazaunansa ba su kai 200 ba, amma tun 1998 yake cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO.

An fara ambaton Holasovice a rubuce a ƙarni na 13. Tsakanin 1520 da 1525 annoba ta share shi, mutum biyu kacal suka tsira. Sai limaman Kirista na Vyssi Brod, masu mallakar ƙasar, suka kawo manoma daga Bavariya da Ostiriya. Jikokin waɗannan baƙi ne suka gina gidajen gona 23 masu adon farar ƙasa a goshi, kewaye da dandali mai tafkin kifi, maƙera da ƙaramar majami'ar 1755.

Bayan yaƙin duniya na biyu aka kori masu jin Jamusanci, gidaje da dama suka koma kango. Wannan sakaci ma ya yi rana, domin ba wanda ya rushe su ya gina na zamani. A 1990 aka fara gyara. Yanzu kowane Yuli ƴan kallo kan cika dandalin don bikin manoma.