Furotin p53 da Gubar Rumbu: Yadda Ƙwayar Hanta ke Rasa Mai Gadinta

Kafin ƙwayar halittar ɗan Adam ta rabu gida biyu, sai ta kwafi DNA ɗinta, wato kundin gado mai haruffa fiye da biliyan 3. Idan aka kwafi kundin da ɓarna a cikinsa, 'ya'yan ƙwayar za su gaji kuskuren. Wasu furotin na musamman ne ke hana hakan, kuma fitacce a cikinsu shi ne p53, wanda aka gano a 1979.

A lokacin lafiya, furotin MDM2 yana rushe p53 da zarar an samar da shi. Amma idan zaren DNA ya tsinke ko kwafi ya cije, furotin ATM da ATR sukan hango ɓarnar, su liƙa wa p53 sinadarin fosfet, sai ya kuɓuta daga MDM2 ya taru. Daga nan yakan tayar da p21, wanda ke dakatar da rabuwar ƙwayar har a yi gyara. Idan gyara ya faskara, sai ya kunna BAX da PUMA, ƙwayar ta kashe kanta. Kusan rabin cututtukan sankara na ɗauke da p53 da ya lalace.

Wannan batu ya shafi manoman Furfuri da sauran yankunan Bunguɗu, Gusau da Tsafe kai-tsaye. Gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu da sauran danshi sukan yi fumfuna mai suna Aspergillus flavus, wadda ke fitar da gubar afalatoksin. Hanta kan sarrafa gubar zuwa wani sinadari mai manne wa DNA, sai ya sauya harafi guda a gurbi na 249 na bayanin gadon p53. Binciken da aka wallafa a 1991 kan masu sankarar hanta a Sin da kudancin Afirka ne ya fara nuna wannan tabo. Mai gadi ya gurgunce, lalatacciyar ƙwaya ta ci gaba da hayayyafa. Haɗarin yakan ninka sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Saboda haka kariya tana farawa tun daga gona: a shanya amfani ya bushe sarai, a tsince mai fumfuna a zubar, domin dahuwa ba ta kashe gubar, sannan a yi wa jarirai allurar rigakafin ciwon hanta tun ranar haihuwa.